Wai Fentin Ruwa Ba Ya Ƙarko? Abin Da Ƙofar Motata Ta Koya Min

Kamar yadda aka saba, ga rubutaccen shirin saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba.

Yau ba maganar zaɓe zan yi ba, ba kuma ta kasafin kuɗi ba. Maganar fentin mota na zo da ita. Na san wani zai ce, to kai kuma me ya haɗa ka da fenti? Ku yi haƙuri ku bi ni zuwa ƙarshe, domin akwai kuɗin aljihunku a cikin maganar nan, akwai kuma huhun ƙannenmu da ke koyon sana'a a gareji.

Bari in fara da abin da ya same ni. Ina da wata 'yar mota Beljiyam, ja ce, da ƙyar da jiɓin goshi na haɗa kuɗinta. Wata rana da yamma a cikin go-sulo a Kano, wani mai Adaidaita Sahu ya kutso ta hannun dama ya murje min ƙofar baya da fenda. Ya fito yana ta ba da haƙuri, na dube shi na ga ko balas na ranar bai haɗa ba, na ce ya tafi. Na kai ta gareji, mai bugun ƙarfe ya miƙar, mai fenti ya fesa. Kwana uku aka ba ni mota tana ƙyalli kamar madubi. Na biya ina godiya.

Ba a rufa shekara ba ƙofar ta fara dusashewa. Sai fari-fari ya fito a gefen hannun buɗewa, daga nan saman fentin ya fara ɗagowa kamar fatar wanda ya ƙone. Duk ranar da aka wanke motar sai wani ya ƙara ɓallewa. Na koma wurin mai fentin na ce, "Maigida, dubi aikin nan fa." Ya shafa da hannu, ya girgiza kai, ya ce, "Ai yallaɓai ba laifina ba ne. Motocin nan na waje yanzu duk da fentin ruwa ake yin su. Shi kuwa fentin ruwa ba ya jure ranarmu. Turawa don sanyinsu suka yi shi."

Wallahi na kusa yarda, don maganar ta yi kama da hankali. Ruwa da rana, wa zai ci wani? Sai da na zo shiga motar na tsaya na kalle ta da kyau. Rufin motar, da bonet, da sauran ƙofofi uku, duk fentin kamfani ne, sun haura shekara goma a duniya, kuma lafiyarsu lau. Wurin da ya ɓare shi ne kaɗai wurin da shi ya fesa, kuma da fentin tina ya fesa, a gabana aka haɗa. To idan maganarsa gaskiya ce cewa fentin ruwa ne a jikin motar, ashe fentin ruwan shi ne wanda ya tsaya kenan.

Wannan ne ya sa na shiga bincike. Na yi karatu, na zauna da masu sana'ar, har wani garejin da ke da ɗakin feshi na zamani na je a Abuja. Abin da na samo shi zan ba ku.

Da farko mu san mene ne a jikin mota. Abin da muke kira fenti hawa-hawa ne, galibi hawa huɗu. Na ƙasa shi ne shafin hana tsatsa, wanda a kamfani ake tsoma gangar jikin motar gaba ɗaya cikin tanki, a manna shi da wutar lantarki. Na biyu faraima, mai daidaita fuska da riƙe abin da zai hau kai. Na uku shi ne launi, wanda masu fenti ke cewa bes. Shi ne ja, ko baƙi, ko ruwan toka da idonka ke gani. Na huɗu shi ne kiliya, wato shafi garai-garai marar launi da ke rufe komai, shi ne mai ƙyalli. Duka huɗun idan ka haɗa su a motar da ta fito daga kamfani kaurinsu yana tsakanin maikron 100 zuwa 150. Maikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Wato duk fentin motarka bai wuce kaurin silin gashi biyu ba. A cikin wannan, bes ɗin bai fi maikron 15 zuwa 25 ba, kiliya kuma takan kai 40 zuwa 50.

Ku riƙe wannan da kyau: idan aka ce fentin ruwa a gyaran mota, hawa na uku ake nufi, wato bes. Shi wannan siririn da ke tsakiya. Kiliyar da ke sama, wadda ita ke shan rana da ƙura da kashin tsuntsu da omon masu wankin mota, a mafi yawan gareji har a Turai da Amurka mai haɗin hadna ce da aka saba da ita. Kun ga tun daga nan maganar maigidan nawa ta fara rawa. Bes ba ya fuskantar rana kai tsaye, yana ƙarƙashin rumfa ne.

To me ya sa ma aka ƙirƙiro na ruwan? Ba don sanyi ba ne. Fentin tina idan aka fesa shi, yawancin abin da ke cikin gwangwanin tashi yake yi ya shiga iska. A bes na tina da aka sirka don feshi, sinadaran nan masu tashi sukan kai gram 700 ko fiye a lita ɗaya. Idan suka haɗu da hayaƙin motoci a cikin zafin rana sai su zama wani hazo mai guba da ke cutar da numfashi. Birnin Los Anjalas a Amurka ya yi ƙaurin suna a kan wannan hazo. Shi ya sa hukumomi suka fara matsa lamba. Kamfanonin ƙera motoci sun fara amfani da bes na ruwa tun ƙarshen shekarun 1980. A ɓangaren gyara kuma, a 1992 kamfanin ICI na Ingila ya fito da Aquabase, a shekarar ne kuma Glasurit na Jamus ya fito da nasa mai suna 90 Line. Tarayyar Turai ta yi doka a 2004, ta fara aiki a Janairun 2007, ta ce fentin saman da za a sayar wa masu gyaran mota kada ya wuce gram 420 na waɗannan sinadarai a lita. Kudancin Kalifoniya ya bi sahu a 2008, Kanada a 2010. Hanya mafi sauƙi ta cika wannan sharaɗi ita ce a koma bes na ruwa. Yau manyan masu yin fenti duk suna da nasu: PPG na da Envirobase, Sikkens na da Autowave, Axalta na da Cromax Pro da Standoblue.

Wato wannan abu ya haura shekara 30 a kan titi. Ba gwaji ake yi ba. Kuma batun cewa don ƙasar sanyi aka yi shi, ku sani masu yin fenti a jihohin Fulorida da Arizona suke shanya samfurinsu shekara da shekaru don gwaji, ɗaya saboda rana da laima, ɗaya saboda rana da bushewa irin ta hamada. Garin Finiks na Arizona yakan haura digiri 43 a lokacin zafi. Wannan ai zafin Sakkwato ne da Maiduguri.

Sai tambayar da kowa ke yi: ruwan sama ba zai wanke shi ba? Ku dubi fentin emolshan da ake shafa wa bangon gida. Da ruwa ake sirka shi, amma idan ya bushe damina ta zo ta wuce yana nan. Haka abin yake a nan. Ruwan ɗan dako ne kawai. Ƙananan ƙwayoyin roba ne da launi ke yawo a cikinsa, idan ruwan ya tashi sai ƙwayoyin su matso su narke cikin juna su zama fata guda. Daga nan ruwa ba ya mayar da su yadda suke. A busasshen fentin babu ruwa, kamar yadda babu tina a busasshen fentin tina.

Amma fa kada in yi muku tallar da ba a biya ni ba. Fentin ruwa yana da nasa hali, kuma idan aka saɓa masa yana ɓarewa, ɓarewa mai muni. A nan ne gaskiyar masu kukan take.

Abu na farko shi ne bushewa. Tina tana tashi da kanta ko da yaya yanayi yake. Ruwa kuwa sai iska ta yarda ta ɗauke shi. Duk wadda ta taɓa shanya wanki a watan Agusta ta san abin da nake faɗa. Idan laima ta cika iska, bes ɗin zai daɗe bai sha iska ba. Shi ya sa a ɗakin feshi ake kafa wasu bututun hura iska da ke kaɗa ta a kan fentin. Mai fenti yana kallo, idan ƙyallin jiƙa ya ɗauke, fuskar ta koma dishi-dishi ko'ina, to ya bushe. Idan ya yi gaggawa ya ɗora kiliya tun da sauran damshi, ya kulle ruwa a ciki kenan. Ranar da za a ba ka mota ba za ka ga komai ba. Sai bayan makonni ko watanni, rana ta dafa ƙarfen, damshin ya nemi hanyar fita, sai ka ga ƙananan ƙuraje, ko ƙyalli ya mutu, ko kiliya ta saki. Sai a ce fentin ruwa ba ya ƙarko, alhali minti goma aka kasa jira.

Na biyu, gyaran fuska kafin feshi. Tina tana da zafi, tana ɗan cin fentin da ke ƙasa ta kama shi, don haka takan rufa wa mai ha'inci asiri na ɗan lokaci. Ruwa ba ya cin komai. Abin da zai riƙe shi ne kawai kartar samfefa da tsabtar wurin. Ana so a goge da samfefa mai laushi, wajen lamba 500 zuwa 800, saboda bes ɗin siriri ne, duk karta mai zurfi sai ta nuna. Sannan a wanke da maganin cire maiƙo iri biyu: mai tina don mai da man goge mota, mai ruwa don gishiri da gumin hannu. Yaro ya dafa ƙofa da tafin hannu mai gumi bayan an wanke, wannan shatin hannun zai iya fitowa a matsayin ƙuraje daga baya.

Na uku, kayan aiki. Iskar kwamfresa dole ta zama busasshiya, babu mai babu ruwa, in ba haka ba fentin ya yi ramuka kamar idon kifi. Bindigar feshi dole cikinta ya zama ƙarfen da ba ya tsatsa. Ba a zuba shi a gwangwanin ƙarfe, sai roba. Matacinsa ma ya fi na tina ƙanƙanta, wajen maikron 125. Kuma abin da ya fi muhimmanci a wurinmu: ba a sirka shi da ruwan famfo, ko na rijiyar burtsatse, ko fiya wata. Yana da nasa ruwan sirki da kamfani ya haɗa, wanda aka cire wa gishiri da ma'adinai. Na san halinmu, ranar da fentin nan ya yawaita a kasuwa, sai an sami wanda zai fasa leda biyu ta fiya wata ya ce ai ruwa ruwa ne. Gishirin da ke cikin wannan ruwan zai zauna ƙarƙashin kiliya yana jawo damshi har fentin ya kumbura.

Na huɗu, ajiya. A ƙasashen sanyi tsoronsu kada ya daskare, don idan ya daskare ya lalace. Mu namu tsoron zafi ne. Yawancin kamfanoni suna cewa a ajiye shi tsakanin digiri 5 zuwa wajen 35. Ku tuna shagon kwantena a kasuwa cikin watan Afrilu, da rana tsaka. Kuma yana da wa'adi, ba a ajiye shi shekara da shekaru kamar na tina.

Yanzu ku ɗora wannan a kan yanayinmu. A damina laima ta yi yawa, bushewa ta yi nawa. A hunturu laimar iskar Kano takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, sai fentin ya fara bushewa tun bai sauka a jikin mota ba, ya yi gautsi, launin silba ya yi dabbare-dabbare, sai an canza ruwan sirki zuwa mai jinkiri. Ga ƙura. Ga wutar da ba ta tsayawa, ga tsadar man janareta. Saboda haka ni ba zan zo nan in ce wa mai fentin da ke aiki a gindin darbejiya ya watsar da tina gobe ya koma ruwa ba. A fili, babu ɗaki, babu tace iska, fentin tina ya fi yafiya. Wannan gaskiya ce. Amma bambancin yana wurin sauƙin aiki. Idan an yi kowanne yadda ya kamata, an rufe da kiliya mai kyau, ƙarkonsu ba ya rabuwa. Shi ya sa a Amurka manyan kamfanonin fenti ke ba da garanti na tsawon zaman motar a hannun mai ita a kan aikin da garejin da suka amince da shi ya yi, kuma bes na ruwa na cikin abin da garantin ya rufe. Ɗan kasuwa ba ya sa hannu a irin wannan takarda a kan kayan da ya san zai ɓare.

Akwai ma inda na ruwan ya fi. Tunda yawancin motocin zamani da shi aka fesa su a kamfani, ya fi saurin dacewa da launin asali, musamman silba da masu ƙyalƙyali. Yana rufewa da hawa kaɗan, kuma siririn bes ya fi kauri jure tsakuwar da taya ke watsowa.

To me ya ɓare min ƙofa? Na kai motar wurin wani dattijo da ya shekara fiye da talatin yana fenti. Ya sa farce ya ɓanɓaro kiliyar, ya ɗaga ta a rana, ya ce, "Ɗana, dubi nan. Launin yana nan daram a jikin ƙofa, kiliyar ce ta tashi. Ka ga siririntarta? Kamar fatar albasa. Hawa ɗaya ya yi maka, kuma ya cika mata tina don ta yi auki." Na ce, "Baba, to hadna fa?" Ya yi dariya ya ce, "Wa ya auna? Da ido ake zubawa."

Wannan shi ne zancen. Kiliya tana da ma'auni, da yawa kashi biyu ne na kiliya, kashi ɗaya na hadna, kuma a rubuce yake a jikin gwangwani. Idan hadna ta yi kaɗan ba za ta taɓa yin tauri yadda ya kamata ba. A cikin kiliya mai kyau akwai sinadaran da ke shanye hasken rana mai ƙuna kafin ya ratsa ƙasa. Kiliya mai arha tana da ƙarancinsu, siririya kuma ko mai tsada ce ba ta da isasshen kauri da za ta tare. Hasken ya ratsa, ya cinye mahaɗar da ke tsakaninta da bes, sai ta saki. Sannan akwai lokaci: idan aka bar bes ya kwana ya wuni fiye da yadda kamfani ya ce, galibi awa 24, kafin a ɗora kiliya, ba za su kama juna sosai ba. A kamfani ana gasa fenti a zafin wajen digiri 140. A ɗakin feshi na gyara ana gasawa a digiri 60 na kamar rabin awa. Tawa ƙofar a rana aka shanya ta, iska na kaɗo mata ƙasa.

Kuma kada ku ɗauka masu gindin bishiya ne kaɗai ke kuskure. A ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, motoci masu yawa a Amurka sun yi ta ɓarewa har ƙasa, babban dalilin da aka gano shi ne wasu masana'antu sun tsallake hawan faraima, hasken rana ya riƙa ratsawa yana lalata shafin hana tsatsa. A 'yan shekarun baya ma Toyota ta fitar da shirin gyara kyauta a Amurka ga wasu fararen motocinta, irin su Corolla da Camry da RAV4, inda ta bayyana cewa hasken rana a hankali yana raunana riƙon da ke tsakanin faraima da shafin ƙasa. Kun sha ganin irin fararen motocin nan a titunanmu, rufinsu ya ɓare ya bar toka-toka. A duka biyun, matsalar tana mahaɗar hawa da hawa. Mutane kuwa sunan da suka ji sabo shi suke ɗora wa laifi.

Me ya sa wannan ya shafe mu sosai? Domin kaso mai yawa na motocin da ke shigo mana ta Legas da Kwatano masu haɗari ne, an saye su a gwanjon Copart ko IAAI a Amurka, an kawo su nan an buga an fesa. Daga Ladipo zuwa Apo, daga Panteka zuwa Ƙofar Ruwa, dubban matasa ne ke cin abinci a wannan layi. Mai saye yana ganin ƙyalli ya biya miliyoyi, bayan damina ɗaya mota ta koma kamar mai ƙyasfi, darajarta ta faɗi. Idan muka yarda cewa laifin wani fentin Turawa ne, babu wanda zai gyara aikinsa. Akwai wata 'yar na'ura mai auna kaurin fenti, ba ta fi wayar hannu girma ba. Wani abokina ya ɗora ta a rufin motata ta nuna ɗari da 'yan kai. Ya ɗora a fendar da aka gyara ta haura 600. Wato an cika bodi fila maimakon a miƙar da ƙarfe sosai. Duk mai shirin sayen mota, ka nemi mai irin wannan na'ura ya raka ka.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda saboda shi na ce sai na yi shirin nan. Ranar da na koma garejin nan na farko, na tarar da wani yaro, ba zai wuce shekara 16 ba, yana fesa kiliya a bamba. Abin da ya rufe hancinsa da shi tsohon hankici ne. Hazon feshin ya lulluɓe shi har gashin girarsa ya yi fari. Na ce, "Ƙanena, ba ka da abin rufe fuska?" Ya ce, "Yaya ai mun saba. In mun tashi muna shan madara."

Jama'a, madara ba ta wanke huhu. Ciki take tafiya, feshin kuma huhu yake shiga. Hadnar da ake zubawa a kiliya tana ɗauke da wani sinadari mai suna aisosayanet. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta daɗe tana sanya feshin fenti mai wannan sinadari cikin manyan abubuwan da ke jawo asma ta wurin aiki, kuma abin da ta ce a sa shi ne abin rufe fuska mai bututun da ke kawo iska mai tsabta daga waje. Mugun halinsa shi ne, da zarar jikin mutum ya kamu, ko ɗan kaɗan ya shaƙa sai ƙirji ya toshe. Sana'ar ta ƙare kenan, yana da shekara ashirin da 'yan kai.

Ina faɗar wannan ne domin sunan fentin ruwa yana da yaudara. Ranar da ya yaɗu a nan za a ce ai wannan ba shi da illa, ruwa ne. A'a. Bes na ruwa ya rage tina sosai, wannan ci gaba ne ga mai feshi da maƙwabtan gareji. Amma har yanzu akwai ɗan sinadari a cikinsa, akwai launi da roba da bai kamata su shiga huhu ba, kuma kiliyar da za ta hau kansa tana nan da hadnarta.

To me za mu yi? Idan kai mai mota ne, kafin ka ba da aiki yi tambaya huɗu. Wace kiliya za ka sa min, in ga gwangwanin? Hawa nawa? Da me kake auna hadna? A ina za a fesa, a ina za ta bushe? Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Kada ka matsa masa cewa gobe da safe kake son motarka saboda ɗaurin aure, gaggawarmu na cikin abin da ke ɓata aiki. Kada kuma ka murƙushe farashi har ya zama ba shi da mafita sai ya sayo kiliyar banza. Ni ma na yi wannan laifin, na yi ta ciniki har sai da ya ce "kawo", ban tambayi inda zai rage ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Bayan an gama, a bar sabon fenti wata ɗaya zuwa uku kafin a shafa masa man ƙyalli, a daina wanke shi da omo, a goge kashin tsuntsu da wuri, a nemi inuwa in da hali.

Idan kai mai fenti ne, kofin awo ba shi da tsada. Kowane fenti na kirki yana da takardar bayani da ke faɗin ma'auni, da lokacin jira, da lambar samfefa, kuma ana samunta kyauta a intanet. In Turancin ya yi nauyi, ka sa yaronka da ya yi makaranta ya karanta maka. Mu da muka yi jami'a muke zaune muna jiran aiki, ga wurin da za mu yi amfani: mu fassara takardun nan zuwa Hausa.

Ƙungiyar makanikai ta NATA, da hukumar NADDC mai kula da harkar motoci, da kwalejojin fasaha na jihohinmu, ina kira gare ku. Ba kowane mai fenti ne zai iya gina ɗakin feshi ba, amma masu fenti ashirin a layi ɗaya za su iya haɗa ɗaya su riƙa karɓa-karɓa, kamar yadda ake yi da injin niƙa. A koya wa yara aikin fentin ruwa tun yanzu, domin motocin da ke shigowa da shi suke zuwa, kuma garejin da ya iya shi ne zai karɓi aikin kamfanoni da na inshora. A kuma sa dokar cewa babu yaron da zai riƙe bindigar feshi da hankici a hanci.

Ƙofata dai an kankare ta an sake. Dattijon nan ne ya yi, da fentin tina, don shi yake da shi, amma ya auna hadna a gabana, ya yi hawa biyu, ya riƙe motar kwana biyar. Damina biyu kenan tana nan. Yaron kuma na saya masa abin rufe fuska mai matatar gawayi. Na san bai kai wanda ake buƙata ba, na kuma gaya masa haka, na ce ya riƙa canza matatar kuma ya daina tsayawa cikin hazon. Da na koma bayan wata biyu na tarar maigidan ne ke sa shi, yaron ya koma hankici. Na yi magana, maigidan ya ce zai sayo na biyu. Zan sake komawa in gani.

Wanda yake da ɗan'uwa a gareji, don Allah ya karanta masa wannan. Mu haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.